Ganuwar da Ba Ta Ganuwa

An ɗauke wuta a Samaru da hantsi.
Malam Tanimu bai ce uffan ba,
ya ja tsohuwar na'urar zuwa bakin taga,
ya karkata madubinta ya taro rana
kamar mai tarar ruwan indararo.
Yatsunsa sun rine, shekara talatin yana rini,
ba a marina ba,
a kan gilashin da bai fi yatsa biyu ba.

"Sa ido, Ladiyo. Bar littafi.
Me kika gani?"

Na ga gero ya zube, ɗai-ɗai, bibbiyu.
Wasu sun jeru kamar carbin Baffa,
wasu sun cure, nonon dabino sak.
A gilashi na biyu guntayen kara ne
kamar an watse daga wasan yara.
Na uku ya murɗe, igiyar guga
da ta gaji da rijiya.

Na ce, don me waɗannan suka riƙe shuni,
waɗancan suka koma ja?
Ya ce, "Ganuwa ce.
Mai kauri in ta sha rini ba ta saki.
Siririya kuwa, wanki ɗaya, ta amayar.
Kowace ƙwaya birni ce, da katangarta."

Ya nuna mini mai rigar yauƙi,
santsi ya fi na karkashi,
dakarun jini su cafko ta, ta suɓuce.
Ya ba ni labarin masu gashi,
da ke maƙale wa hanji
yadda ƙarangiya ke kama bakin zane.

Sai ya miƙo tsinke: "Kankaro cikin kumatunki."
Na kankaro, na shafa, na duba.
Ashe haka nake!
Faffaɗa, shimfiɗe, ba ganuwa ko ta kara,
'yar fata ce kawai, ba ta kai mayafi ba.
Amma ga ɗaki a tsakiya, a rufe,
inda aka adana wasiyyar iyaye.
Su kuwa, da katangarsu da komai,
ba su da ɗaki,
kayan gadonsu a tsakar gida yake kwana.
Albasa ce ta haɗa biyu,
ga tubali jere, ga ɗaki a kowane tubali.

Ban gaya masa ba sai da azahar ta gota,
cewa kwalbar da na kawo shekaranjiya,
wadda muka rena a ruwan abinci,
daga rijiyarmu take, ta Kwarbai,
kuma ƙanena Barau kwana biyu ke nan
buta ba ta bar hannunsa ba.

Ya ɗiga ɗigo ɗaya. Ya daɗe a sunkuye.
Ya matsa mini.

Ƙananan lauje, ba iyaka,
suna gilmawa kamar an harbo su.
Na ce, ina ƙafafunsu?
"Bulala guda ce a gindi, tana juyawa.
Ba za ki gan ta da wannan na'ura ba.
Gudun ne ke tona ta."
Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
"Sai an ƙara gwaji kafin a kira suna.
Amma ke, tashi ki tafi gida. Yanzu."

Motar Sabon Gari, sannan Keke.
A Ƙofar Doka na dubi abin da ya rage
na jar ƙasar da ta taɓa tsare gari,
akuya na tsaye a kanta.
Mahara sun daina zuwa ta ƙofa.
A moɗa suke shigowa.

Iya Lantana na bakin randa.
Ta ɗebo, ta ɗaga wa haske:
"Rijiyar da kakanki ya haƙa da hannunsa?
Dubi, garau, kamar idon zakara.
Wane lauje kuma, ana zaune ƙalau?"

Ban iya mata bayanin bulala ba.
Na aiki Tasi'u ya samo mota zuwa Shika,
na dama gishiri da sukari a ruwan leda,
na ɗora babbar tukunya,
na durƙusa ina hura wuta
har hayaƙi ya ba ni dalilin hawaye.